Hannun Tela da Idon Kawu

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da Inna. Yaya ƙafarta, kumburin ya saɓe? Ni dai na iso lafiya, sai gajiyar mota da ta kwana biyu ba ta sake ni ba.

Na kama aiki. Kada ka ji an ce asibiti ka ɗauka allura nake yi wa mutane. Akwai wani ɗaki a bayan sashen masu shanyewar ɓarin jiki, tebura shida da taga ɗaya, nan nake koyar da zane. Likitoci sun ce riƙe fensir yana tayar da hannun da ya mutu. Ɗalibaina tara ne, kuma ƙaraminsu ya haife ni. Malam suke kirana, har da wani da aka ce da can alƙali ne.

Na san wurin bai kai matsayina ba, mashiga ce kawai kafin a san da ni. Na sayi dogon gyale na wuya da tabarau. Ba na magani ba ne, amma mai zane yana bukatar kamannin da za a gane shi tun daga nesa. Kai ba ka taɓa kula da irin wannan ba, shi ya sa har yau ake taya aikinka kamar ana taya tumatir.

Ga wani abu da zai ba ka dariya. Ranar ganawa shugabar sashen ta tambaye ni a hannun wa na fara koyon zane. Na ce a hannun wani babban mai zane da ya yi zamani a ƙasashen waje, yanzu ya daina karɓar ɗalibai. Kai nake nufi. Ka san halin mutanen nan, in na ce kawuna ne mai rubuta allunan shaguna da bayan motoci, wani kallo daban za su yi min. Kuma ai ba ƙarya ce gaba ɗaya ba, tunda ka taɓa tsallaka iyaka ka rubuta allon wani otal.

Na haɗo maka da sabon aikina, na sa masa suna Kukan Ruhi Na Uku. Kada ka nemi mutum ko gida ko bishiya a ciki, zanen zamani ya wuce nan. Ka kalle shi da zuciya, ka faɗa min abin da ka ji.

Ɗanka,
Malam

*

Ɗan Fenti,

Wasiƙarka ta same mu lafiya, mun gode wa Allah da ya sauke ka lafiya. Ƙafar Innarka da sauƙi, bakinta ne dai babu sauƙi. Ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci, ko kuwa gyalen kake ci.

Malam kuma? To, Allah ya sa albarka. Ni dai tun ranar da na tsamo ka daga bokitin shuɗin fenti kana shekara uku, watan da mahaifiyarka ta rasu ta bar min kai, sunanka bai canja a bakina ba.

Labarin babban mai zanen ƙasashen waje na karanta wa Innarka. Ita ba ta yi dariya ba, ni na ɗan yi. Otal ɗin nan kwana biyu na yi a cikinsa, sauro ya kusa gamawa da ni. Amma ba komai, in hakan zai sa su riƙe ka da daraja, ka ƙara min da jirgin sama.

Zanenka na fita da shi bakin ƙofa inda haske ya fi, na daɗe ina kallo. Ba zan ce komai a kansa ba, don kada in ɗora wa zanen laifin da ba nasa ba. Wannan ce ma maganar da ta zaunar da ni rubutu. Ka tuna bara ina ta mitar fitilar shago ta rage haske, har muka canja ƙwai sau biyu? Ashe ba ƙwan ba ne. Makon jiya na rubuta wa mai gyaran takalma allo. Na shafa wa zare alli na buga layi kamar kullum, na rubuta, ya bushe. Sai da aka ɗaga shi sama mai shagon ya nuna min haruffan ƙarshe sun sauka daga layi da yatsa biyu. Shekara talatin da huɗu ba a taɓa dawo min da aiki ba.

Na je wurin likita. Ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye gefe da gefe, tsakiyar ce ta rage, kamar mai leƙe ta bututu. Ya ba ni maganin ɗigawa. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage kuma lallaɓa shi za mu yi, bai san iya kwanan da zai yi ba.

In an ba ku hutu ka zo. Ina so in ga tabarau ɗin nan mara magani a fuskarka tun ina iyawa.

Kawunka

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ku da kyau, ka ce wa Inna ina cin abinci har na yi kumatu. Lafiyata lau.

Na ji batun ido, Allah ya sawwaƙe. Shekaru ne, Kawu. Ka sa a yanka maka tabarau mai kyau, ka rage aiki cikin rana. Likitoci akwai son tsorata mutane, kullum ina cikinsu, na san halinsu.

Hutun nan kam ba zan samu zuwa ba. Ina shirin baje kolin zane-zanena, akwai manyan mutane da suka nuna sha'awa, in na matsa yanzu wani zai shige gabana. Hutu na gaba in Allah ya yarda.

Bari in ba ka labarin wani ɗalibina da ya ishe ni. Tsohon tela ne, 'yarsa ce take turo shi a keken marasa lafiya. Damarsa ta mutu, da hagu yake riƙe fensir. Bakin ma ya karkace, ba mai jin abin da yake faɗa sai ita, ita ma rabi-rabi. Tun da na fara aiki abu ɗaya yake zanawa, keken ɗinki. Na kawo furanni, na kawo tulu, na kawo 'ya'yan itace na jera, shi dai keken ɗinki. Mako bakwai yana kan takarda ɗaya.

Keken kansa ba laifi. Amma sai ya bi ya cika shi da wani layi mai rawa, ya hau nan, ya sauka can, ya zagaya, ya sake hawa, duk ya ɓata aikin. Rannan awa guda ya yi bai ja abin da ya kai tsawon ɗan yatsa ba, yana gumi. Jiya dai haƙurina ya ƙare. Na karɓi takardar, na goge layin tas, na gyara masa keken, na sa inuwa da ƙyalli, har ma'aikatan jinya suka taru suna kallo. Mutumin nan ko godiya. Ya zuba wa takardar ido, ya ajiye fensir, ya yi wa 'yarsa alama ta tura shi waje. Yau bai zo ba. Wasu mutanen ko ka ɗora su a kan hanya sai sun sauka.

Ba ka ce komai a kan Kukan Ruhi ba, na lura. Ga wani na sake aikowa, wannan ya fi wancan zurfi. A wannan karon ina jiran magana.

Ɗanka,
Malam

*

Ɗan Fenti,

Muna lafiya, Innarka tana gaishe ka.

Kada ka ƙara aiko min da zane, ɓata takardarka kake yi. Kai nake so ka zo.

Abin da ka yi wa telan nan ban ji daɗinsa ba. Shekara nawa ka yi a shagona, ka taɓa ganin na karɓi buroshi daga hannunka na bi ta kan aikinka? Iyakaci in ce sake. Mutum ba ya yin mako bakwai a kan layi ɗaya a banza. Ka neme shi ka tambaye shi, ka ba shi haƙuri.

Ba na iya dogon rubutu yanzu.

Kawunka

*

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya.

Ɓata takarda nake yi. Na gode, na ji. Har da rubuto min da manyan haruffa kamar allon shago, don kada in kasa jin tsawar.

Dama na san za a zo nan. Shekara huɗu na yi a kwaleji ina koyon abin da ko sunansa ba ka taɓa ji ba. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana rubuta ANA SAYAR DA ƘANƘARA ba zai gane abin da nake yi ba, kuma ban ga laifinka ba. Abin da ya yi min ciwo shi ne ka ɗauki ɓangaren wani tela da ba ka taɓa gani ba, ka bar ni. In zanena bai kai ka kalla ba, ban ga abin da za ka kalla a fuskata ba.

Ba zan sake damunka da takarda ba. A gaida Inna.

*

Ɗan Fenti,

Muna lafiya. Likita ya ce idon dama ya tafi. Na hagu wata uku, ko huɗu in an yi sa'a. Ba fushi nake ba. Zo in gan ka.

Kawunka

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna, in har za ku amsa. Ban san ta yadda zan tambayi lafiyarka ba. Ni jikina lau, kuma kunyar faɗar hakan nake ji.

Wasiƙarka ta ƙarshe yau na buɗe ta. Wata huɗu tana ƙarƙashin gwangwanin fenti a kan taga. Da ta zo na gane rubutunka, na ce bari ya ji yadda shiru yake. Zan faɗa maka komai yadda ya faru, ba don in wanke kaina ba.

Babu wani baje koli. Ba a taɓa yin sa ba, ba wanda ya nuna sha'awa. Mutum ɗaya ne ya taɓa cewa in kawo ya gani, da na kai ya ce in dawo wani lokaci.

Mako uku da suka wuce 'yar telan ta zo dawo da fensiran asibiti. Na tambaye ta jikin babanta, na ce me ya hana shi zuwa. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka san abin da ka goge?" Na ce wani layi ne da ya karkace. Ta ce, "Hanyar zare ce." Keken nasa tsoho ne ƙwarai, irin wanda aka daina yi, zarensa yana bin wurare tara kafin ya kai allura, in an kuskure ɗaya sai ya yi ta tsinkewa. Tun da ya kwanta take so ta hau keken ta riƙe gidan, ta kasa saka zaren, masu gyara biyu sun gwada sun kasa. Shi ga shi yana kallo, ya sani, babu baki, kuma yatsun hagun ba sa iya riƙe zare. Shi ne yake zana mata. Ta ce saura wuri biyu ya gama na karɓe takardar. Tun ranar bai sake taɓa fensir ba.

Kawu, ai ka riga ka faɗa min in tambaye shi. Ko a ranar ban buɗe wasiƙarka ba. Na ce sai na gyara abin da na ɓata tukuna, in rubuto maka da labari mai daɗi. Ka gani, har tubana da girman kai a cikinsa.

Na bi ta gidansu. Ɗaki ɗaya da rumfa, keken yana lulluɓe da tsohon zani. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya daɗe yana kallona, sannan ya nuna takarda da haɓarsa. Na miƙa hannu zan ɗauki fensir, ya buge hannun. Ashe abin da yake so in yi shi ne in danne masa takardar kada ta zame. Aikina ke nan kullum bayan an tashi, kwana goma sha tara, ina danne takarda.

Da yake ba ni da abin yi sai kallo, sai na kalli hannunsa. Yatsun sun kumbura, farcen babban yatsa ya tsage, akwai tsohon tabon allura a ɗan manuni. Yana rawa, ya kufce, ya dawo, ya sake. Ban san ranar da abin ya fara ba, amma wata la'asar ina kallon jijiyar bayan hannun tana motsi sai na ji tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na ga ni ban taɓa kallon komai ba a rayuwata, kaina kawai nake kallo. Wanda ya halicci hannun nan ya yi shi da kulawar da ban taɓa ba wa wani aiki nawa ba, kuma yana nan tare da shi a cikin rawar da yake yi, bai bar shi ba. Ni kuwa sunana a ƙasan takarda ya fi zanen girma.

Lokacin salla ya yi, 'yarsa ta yi masa alwala, ya ɗaga hannu ɗaya ya yi kabbara a zaune, ɗayan yana kwance a cinyarsa. Ban taɓa faɗa maka ba, tun shekara ta biyu a kwaleji na bar salla, ina ganin na wuce wurin. Na karɓi butar na yi alwala, na tsaya a gefen kekensa. Da na kai goshina ƙasa na kasa ɗagowa, kuka nake yi kamar an yi min mutuwa. Da na idar ya nuna min takarda, muka ci gaba.

Jiya ya gama. Ta bi layin da zare wuri tara, ta taka keken, ya ɗinka, bai tsinke ba. Yau da safe na je na faɗa wa shugabar sashen ko wane ne ya koya min zane, da irin aikin da yake yi. Na dawo ɗaki na ɗaga gwangwanin.

Na sake karanta wasiƙunka duka. Komai yana ciki, ka faɗa min tun ta farko, da Hausar da ko yaro zai gane. Ni ne ban karanta ba, sunana nake nema a ciki.

Na ba direban motar safe wannan wasiƙar. Ni zan biyo ranar Asabar, sai ranar za a sami mai riƙe ajin. Ka hana ni aiko da zane, amma ga guda ɗaya, hannun telan ne, ban sa masa suna ba. Ka ce wata uku ko huɗu in an yi sa'a. Ina roƙon Allah a yi sa'ar. Ka yafe min, Kawu.

Ɗan Fenti

*

Ɗan nan,

Innarka ce. Rubutuna ba kyau, ka karanta a haka. Direban ya ce gobe zai koma, shi ya sa na zauna yanzu. Ƙafata da sauƙi. Kawunka yana ci yana sha, jikinsa lau.

Idon ya tafi. Yau kwana goma sha biyu. Ya tashi da safe ya ce in buɗe taga, alhali tagar a buɗe take.

Na so in ɓoye maka lissafin, amma ba zan iya ba, ni ba irin kawunka ba ce. Da ka buɗe wasiƙar ranar da 'yar telan ta zo maka, da ka same shi yana gane fuska in an matso kusa. Ka ji wannan, ka riƙe shi, don ni ma da shi nake kwana.

Wasiƙarka ta fushi ni na karanta masa, lokacin ya daina ganin ƙananan rubutu. Ban tsallake ko kalma ɗaya ba, har ƙanƙarar. Ya ce in maimaita wurin, na maimaita. Ya ce ai yaron ya yi gaskiya, shi kansa ya rubuta ta fiye da sau ɗari. Daga nan ya nemi buroshi da takarda ya yi maka waccan 'yar gajeruwar da kansa, hancinsa yana taɓa takardar. Sau uku na ce zan rubuto maka in wanke ka tas, ya hana ni. Ya ce ba ya so a jawo ka da igiya, ka zo da ƙafarka. Kullum da yamma sai ya sa kujera a bakin shago wajen da motoci ke sauke mutane, yana juya kai a hankali yana bin masu saukowa ɗaya-ɗaya. Ya rufe shagon tun wata biyu, amma kujerar bai fasa ba sai da idon ya rufe.

Ta yau ma na karanta masa duka. Da na zo wurin sallar ya ce in dakata, ya juya fuska bango, ya daɗe. Batun yafiya kuwa ya ce in faɗa maka ba abin da ka yi masa. Ni ka yi min, amma za mu yi wannan in ka zo.

Ya ce in ba shi zanen. Ya shimfiɗa shi a cinya yana bi da yatsu, gaba da baya. Ya tambaye ni mene ne, na ce hannu ne, na tsoho, kamar ka taɓa shi ya motsa. Ya tsaya a wani wuri inda takardar ta yi kaushi, ya ce, "Nan ya goge ya fi sau goma. Yaron ya fara aiki." Mai gyaran takalma ya shigo gaishe shi, kawunka ya ɗaga masa zanen yana cewa ɗansa ne ya zana. A juye ya riƙe shi, yatsun suna kallon ƙasa. Daga ni har mutumin ba wanda ya iya gyara masa.

Ka zo ranar Asabar ɗin, kada ka ƙara ko kwana ɗaya. Ya ce in ka iso kada ka tsaya gaisuwa daga bakin ƙofa, ka matso ka durƙusa inda hannunsa zai kai. Tun ɗazu yake tambayata ko ka yi ƙiba da gaske, ko ka tsayar da gemu. Na ce ina zan sani, ni ma rabona da kai tun ranar da muka raka ka tasha. Ya ce shi ma yana ta ƙoƙarin tuno fuskarka ta ranar, ya kasa, don ka shiga mota kana gyara jakarka ba ka waiwayo ba. Ƙeyarka kawai yake gani.

Innarka